Koriyar Takardar Malam da Yankakken Takalminsa

Da sunan Allah Mai rahama. Ni ban yi boko ba, allon ma iyakata abin da zan yi salla da shi. 'Yata Hadiza ce ke riƙe da biro, ni nake faɗa, kuma na ce da ita kada ta gyara mini magana ko ta ji wadda ba ta yi mata daɗi ba. Mu mutanen Ƙofa ne, ƙasar Bebeji. Maigidana, wanda bakina bai saba da sunansa ba sai dai Hadiza ta rubuta, Malam Garba, ya rasu wata bakwai ke nan. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ni dai ban huta ba. In ina ɗaki tsakar gida nake so, in na fito sai in koma. Tukunyar da na ɗora sai maƙwabta su riga ni jin ƙaurinta. Shi ya sa na ce a rubuta, ko wani ya ji ya tsira daga abin da ya same mu.

Shekara biyu kafin rasuwarsa, da rani, waɗansu likitoci suka zo daga Kano suka sauka a ƙaramin asibitin garinmu. Aka yi shela za a auna hawan jini da suga kyauta, wanda ya yarda kuma zai tofa yawu a 'yar kwalba a tafi da shi. Wai a cikin yawun ana karanta abin da mutum ya gada daga iyaye da kakanni, a gane ko ciwon zuciya na jiransa a gaba. Ƙanen Malam, Alhaji Sani, wanda ba ya ganin abu ya ƙyale, ya ce ashe shekara hamsin yana zubar da dukiya a ƙasa bai sani ba. Mu huɗu muka tafi: Malam, Alhaji Sani, ni, da ɗana na fari, wanda muke ce wa Abba saboda sunan kakansa Malam Idi aka mayar masa.

Kafin a ba ka kwalba sai an yi maka tambayoyi. Ma'aikacin yana zaune a gindin darbejiya, maza a benci, mu mata a tabarma kusa da su, duk abin da aka faɗa muna ji. Ya tambayi Malam ko yana shan taba, ya ce a'a. Ya tambaye shi mahaifinsa, me ya kashe shi. Malam ya ce Malam Idi ya haura tamanin, da ƙafarsa yake zuwa gona har shekarar da ya rasu, tsufa ne kawai. Ya ce to ko akwai wani a gidan da ya yanke jiki ya faɗi ya mutu tun bai tsufa ba. Malam ya ɗan dubi Alhaji Sani da ke gefensa, ya ce babu. Aka rubuta.

Ni kuwa na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafina, domin na san ba haka ba ne.

Ga abin da na sani. Ina da cikin Abba, surukata Iya Rabi ta kira ni ɗakinta ta ce akwai maganar da za ta ajiye a wurina. A zamanin da ita da Malam Idi suka yi shekaru ba haihuwa, akwai wani Bafulatani, Buba, da ke sauka da shanunsa a gonarsu kowace kaka bayan an cire amfani, shanu su ci kara su bar taki. Amintaka ta shiga tsakanin mazan biyu har suna ci a akushi ɗaya. Wata shekara matar Buba ta rasu ta bar jariri a gonar. Buba ya miƙa wa Malam Idi yaron ya ce ga amana, ya kora shanunsa ya yi kudu. Jaririn nan shi ne mijina. Bayansa ne Allah ya buɗe wa Iya Rabi haihuwa ta sami Sani. Ta ce bayan 'yan shekaru labari ya zo cewa Buba ya faɗi a bayan shanunsa ya mutu, ko furfura ɗaya babu a gemunsa. Ta ce Malam ya san asalinsa, amma ba ya so a tuna masa, kuma ita ma ba ta so. Na riƙe maganar fiye da shekara arba'in. Ko da shi ban taɓa tayar da ita ba.

Bayan watanni aka dawo mana da sakamako. Takarda ce da rubutun Turanci, a sama an shafa launi: wani ja, wani ruwan ɗorawa, wani kore. Jama'a sun yi yawa ran nan, rana ta take, mai bayani ɗaya ne kuma muryarsa ta dishe. Abin da kowa ya riƙe shi ne ja haɗari, kore lafiya. Na Malam kore, na Abba kore. Na Alhaji Sani ne ruwan ɗorawa, sai ga shi ya daina cin ƙashin miya yana yawo da carbi. Malam ya yi ta tsokanarsa, yana cewa ya kawo gonarsa ta fadama ya riƙe masa tun da wuri. Ya ninke tasa takardar ya sa a gafakar Alƙur'aninsa. Daga baya ne Hadiza ta karanta mini ƙananan rubutun da ke ƙasa, inda suka ce wannan maki ba hukunci ba ne, kuma bai cika daidai ba ga mutanen ƙasashenmu. Sun rubuta, ban ce ba su rubuta ba. Amma wa zai karanta mana?

Ciwon ya fara ne da noman farko na daminar bara. Makon farko ya dawo daga gona tun kafin azahar, abin da bai saba ba. Ya ce in ya sunkuya da fartanya sai ya ji kamar an ɗora masa turmi a ƙirji, in ya zauna a inuwa ya huta sai ya sauka. Ya ce olsa ce, yajin da nake zuba masa ne ya yi yawa. Aka karɓo masa farin ruwan magani a kemis.

Mako na biyu kowa ya zama likita. Alhaji Sani ya ce kunun kanwa da sassafe. Maƙwabciyarmu ta ce iska ce ya taka a gona, ta kawo hayaƙi. Abokinsa na masallaci ya aiko da zuma da habbatus sauda. Liman ya yi rubutu, Allah ya saka masa, shi kaɗai ne ya ce a haɗa da asibiti. Da na maimaita maganar liman, Malam ya miƙa hannu ya ciro takardar nan daga gafaka ya buɗe mini, ni da ban iya karatu ba.

"Launi dai kin iya gani, Hajiya. Wane iri ne wannan?"

Na ce kore. Ya ce to zuciyarsa ta wuce jarrabawa, in nemi wani abin damuwar.

Mako na uku ciwon ya hau kafaɗarsa ta hagu ya gangaro hannu. Aka kira wanzami ya yi masa ƙaho. Mako na huɗu ya koma muƙamuƙi. Ya ce haƙori ne, ranar kasuwa ya hau mota zuwa Kwanar Dangora aka cire masa turmi guda lafiyayye. Ya dawo da auduga a baki, ciwon yana nan inda yake. Har yau in na tuna haƙorin nan sai in tashi tsaye. Na san abin da zan faɗa a makon nan. Ina kwance da shi, ina tashi da shi, in zo bakin ƙofarsa da maganar a bakina, sai in ce ruwan wanka ya yi zafi.

Mako na biyar, yana dawowa daga sallar azahar, ya jingina da katangar zaure, gumi ya jiƙe masa riga kamar wanda ruwa ya doka, ya yi amai. Abba ya ɗauko mota muka kai shi asibiti mafi kusa. Muka tarar da layi har waje, masu zazzaɓin damina sun cika ko'ina, yara a kan cinyar uwaye. Sai bayan la'asar aka gan shi. Aka sa masa ruwa, aka ba shi maganin zazzaɓi da na olsa. Wata ma'aikaciyar jinya, doguwa, ban san sunanta ba amma ina sa ta a addu'a, ta tsaya ta dube shi da kyau ta ja Abba gefe. Ta ce ba ta yarda da olsar nan ba, na'urar duba zuciyarsu ta lalace, mu wuce Kano kada mu biya ta gida. Abba ya ce ai an auna zuciyarsa, kore ce. Ta ce ita ba launi take gani ba, mutum take gani.

A Kano muka yi kwana goma sha ɗaya. Layin kati daban, na biyan kuɗi daban, na gwaji a wani ginin can, in ka kai gaba a ce ka koma ka kawo wata takarda. Ni da ban san gari ba sau biyu ina ɓata tsakanin ɗakinsa da wurin alwala. Masarar da muka ajiye don cin damina ta tafi, awakina suka bi ta. Ba na kuka da wannan. Matan da muke shimfiɗa a baranda tare, waɗanda ban taɓa gani ba, su suka riƙa ba ni ruwan zafi da tabarma.

Likitar da ta karɓe shi mace ce, Bakanuwa, mai magana a hankali. Ta ce jijiyoyin da ke shayar da zuciyarsa sun toshe da kitse, wani ɓangaren zuciyar ya riga ya mutu tun ranar aman nan, kuma ba a raya shi. Tana duba ƙafarsa ko ta kumbura sai hannunta ya tsaya a agararsa. Malam yana da wani ƙulli a bayan kowace ƙafa, saman dunduniya, mai tauri kamar goro. Tun ina amarya na san shi da shi. Ba ya ciwo, sai dai takalmi na gurje shi, don haka duk takalmin robar da ya saya sai ya sa aska ya yanke masa baya. Mu ba mu taɓa ɗaukarsa ciwo ba, halitta muka ɗauka. Likitar ta kira wani likitan suka taɓa, suka yi Turanci. Sannan ta ce wannan kitse ne ya taru, kuma irinsa gado ne, daga uba ko uwa yake sauka. Ta tambaye shi labarin mahaifinsa. Abba na tsaye a kansa. Malam ya rufe ido ya ce Malam Idi ya haura tamanin.

Karo na biyu ke nan na yi shiru.

Abba ya fito da koriyar takardar, ransa a ɓace, ya ce to wannan fa, ƙarya aka yi musu? Amsarta ta zauna mini a kai, zan faɗe ta yadda na ji.

"Ba ƙarya ba ce, amma mudu ne da aka yanka a wata kasuwar. Daga jinin mutane masu yawa aka koyi wannan awon, yawancinsu kuwa Turawa ne, namu kaɗan ne a ciki. Don a gyara shi ma aka je karɓar yawunku. Sannan shi ƙananan abubuwa yake tarawa, kamar tsabar gero. Abin da ke jikin Baba dutse ne guda, mudun gero ba ya auna shi. Da a ranar an ce mana wani a gidan ya faɗi da ƙuruciya, da tun lokacin mun auna kitsen jininsa mun ɗora shi a kan magani."

Ta ce a kawo duk 'ya'yansa a auna su. Abba ya ce to, irin to ɗin da na san ba ta zuwa ko'ina.

Muka dawo gida da magunguna cike da leda. Aka hana shi gishiri, aka hana shi man shanu, shi da ba ya cin tuwo sai ya ga mai na yawo a kan miya. Ya ce miyata ta koma kamar wa'azin da ba a sa aya ba. Mako na takwas ƙafafunsa suka kumbura har yankakken takalmin ma ya ƙi shiga. Ba ya iya kwanciya, sai na jera masa matasai na tokare da buhun gero ya jingina. Kullum da hantsi nakan fito da shi inuwar rumbu in shafa masa ƙafa. A nan ne wata rana, gidan ba kowa, hannuna a kan ƙullin nan, na ce masa Iya Rabi ta gaya mini komai tun ina da cikin Abba. Na ce me ya hana shi gaya wa likita.

Ya daɗe yana kallon kaji. Sannan ya ce, "Mutumin da ya saɓa ni a kafaɗa zuwa sallar Idi, ya sayar da sansa ya yi mini aure, in zauna a gaban ɗansa Sani in ce ba ubana ba ne? Ki bar ni in tafi ina ɗan Malam Idi."

Na ce, "Abba fa? Ka taɓa duba takalminsa?"

Bai amsa ba sai da ya huta, don magana ta fara yi masa nauyi. Ya ce, "In na tafi, bakinki naki ne."

Mako na goma sha ɗaya, masara ta yi goyo, ina ba shi koko da safe a cokali. Ya sha uku, ya ɗaga hannu alamar ya isa, ya yi shahada a hankali kamar mai gudun ya tashi wani daga barci. Shi ke nan. Kofin na hannuna har mata suka shigo, wata ce ta ɓamɓare yatsuna ta karɓa.

Wata huɗu da kwana goma na takaba su ne mafi tsawo a rayuwata. Ba fita, ba inda zan kai ƙafafuna sai daga ɗaki zuwa rumbu. Kowace safiya Abba na zuwa gaishe ni kafin ya tafi Kwanar Dangora inda yake sayen masara, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Ni kuwa ba fuskarsa nake kallo ba. Takalmin nake kallo, an yanke masa baya da aska, yadda ya ga ubansa na yi. Na ce ya je awon da likita ta ce. Ya ce sai an gama kaka. Na sake faɗa, ya ce asibiti ne ya ƙarasa Baba, da ƙafarsa ya shiga aka fito da shi a kujera. Na aika Hadiza, ya ce kakansu ya haura tamanin, shi kuma takardarsa kore ce. Wata rana ya sauke mini buhu a tsakar gida, na ga ya dafa ƙirji ya tsaya yana haki. Da ya ga ina kallonsa sai ya ce olsa ce.

Me ya hana ni faɗa a lokacin? Alhaji Sani ne ke ciyar da gidan duk tsawon takabar. Kullum sai ya leƙo daga zaure ya ce, "Matar Yaya, me ya ƙare?" Ta yaya zan ci hatsinsa in ce mijina ba ɗan'uwansa ba ne? Kuma na san Abba. In na ce wata tsohuwa da ta mutu ta gaya mini, zai ce baƙin ciki ne ya taɓa ni. Ina bukatar mai rai.

Akwai Bafulatanar da ke kawo mana nono daga wajen Ba'awa. Na roƙe ta ta tambaya mini a cikin mutanensu, ko akwai wanda ya san zuriyar wani Buba da ke sauka a gonakin Ƙofa a zamanin da, wanda ya bar jariri. Na ɗauka za a daɗe. Kasuwa biyu ta dawo ta ce ai wannan labari sananne ne a wurinsu, zuriyar na can ƙasar Doguwa sun zauna suna noma, kuma akwai 'yarsa, Dudu, tana raye.

Kwana uku da fita takaba na ce Hadiza ta raka ni. A hanya na gaya mata dalili, ta yi kuka daga Kwanar Dangora har Tudun Wada. Daga Doguwa muka hau babur muka bi gonaki. Mun isa ana sallar azahar. A bakin ɗan masallacinsu na kara akwai takalma a jere, ni kuwa idona ya riga ya saba. Uku a cikinsu an yanke musu baya.

Dudu tsohuwa ce siririya, ta girmi Malam. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ta ajiye ƙwaryar hannunta ta zauna a ƙasa. Ta ce tana da wayo ranar da aka bar shi, ita ce ma ta goya shi zuwa gidan Malam Idi, aka kwance shi daga bayanta. Ta tambaye ni ko ya yi tsawo, ko yana da wushirya kamar babansu. Na ce yana da ita. Sannan na tambaye ta mazan gidansu. Ta fara lissafi da yatsu: babansu, ƙanen babansu, 'yan'uwanta biyu, sai ɗanta na cikinta da ya faɗi a gonar dankali shekarar da ta wuce, ya bar yara ƙanana. Duk ba wanda ya tsufa. Ta ce su suna cewa baki aka yi wa kakansu, sun yi sadaka har sun gaji. Ta janye zaninta ta nuna mini agararta, ga ƙullin nan. Na gaya mata abin da likita ta ce, cewa akwai ƙwayar da ake sha. Ta dube ni kamar ba ta yarda ba. Amma ta ce ko ba komai za ta bi ni, ɗan'uwanta ya mutu ba ta yi gaisuwa ba.

Washegari da la'asar na aika aka kira Abba da Alhaji Sani. Abba na shigowa Dudu ta miƙe tsaye, ta rufe baki da hannu ta yi magana da Fulatanci, sannan ta ce da Hausa, "Wannan ai Buba ne." Abba ya dube ni. Na faɗi komai, tun daga gonar har zuwa takalman bakin masallaci. Ban iya kallon Alhaji Sani ba. Na ce ya yafe mini, na ci amanar mahaifiyarsa, amma na binne ɗaya ba zan binne biyu ba.

 Sai na ji Alhaji Sani yana jan hanci.

"Matar Yaya, tun ina yaro na sani. A makarantar allo aka gaya mini da gori, na fasa wa yaron baki. Ranar yawun nan ina ji Yaya yana cewa babu, na ce a raina in na yi magana zai ɗauka korarsa nake daga gidan ubanmu. Ashe ni yake jin kunya, ni kuma ina jin tasa."

 Abba ya tashi ya sa takalminsa ya fita. Kwana uku bai zo gaisuwa ba, abin da bai taɓa yi ba. Kwana ukun nan ban san na ci abinci ba, na share tsakar gida har ƙasa ta fara ramuwa. Rana ta huɗu bayan asuba na ji mota a ƙofar gida. Alhaji Sani ne ya shigo ya ce in ɗauko mayafi, ya ce ya gaya wa ɗansa Abba in bai shiga motar nan ba shi zai ɗauke shi kamar buhu, ko da ruwan ɗorawar takardarsa za ta kashe shi a hanya.

A Kano muka sake bin layukan nan, na kati, na biya, na gwaji. Likitar ta gane ni, ta yi mini gaisuwar rashi. Ta ɗauko sabuwar takarda ta fara tambayar Abba, har ta zo kan kakansa na wajen uba, sunansa da abin da ya kashe shi.  Abba ya juya ya dubi baffansa, irin kallon da ubansa ya yi a gindin darbejiya.

Alhaji Sani ya ce, "Gaya mata, Abba. Buba sunansa. Malam Idi ba zai ragu da komai ba."

Kitsen jinin Abba ya yi yawa ƙwarai, amma zuciyar ba ta kai ga lalacewa ba. An ɗora shi a kan ƙwaya, kullum, har iyakar rayuwa. Hadiza ma an same shi a jikinta, autana ne kaɗai ya kuɓuta. Likitar ta ce a kawo jikoki, ta kuma roƙi a kai ta ga mutanen Dudu. Na ji an ce biyu daga cikin masu takalman nan sun riga sun je.

Ga abin da nake so a ji. In an ba ku takarda mai launi, ku sa a karanta muku har ƙananan rubutun ƙasa, ku tambayi da jinin su wa aka yi awon. Ban ce ku ƙi ba da yawu ba, gara namu ya shiga mudun ya daidaita. Su kuma masu tambaya, don Allah su daina tambayar mutum asalinsa a kan benci ƙanensa na gefe. Gidajenmu cike suke da riƙo da amana. Su ja mutum gefe, su ce wanda ya haife ka muke nufi, ba wanda ya raine ka ba. Da an yi wa Malam haka, ban sani ba. Kullum ina juya wannan, ban sani ba.

Takardar na nan a gafakarsa, ban taɓa ta ba. Takalminsa kuwa na hana a bayar. Yana bakin ƙofata, kuma kowace safiya Abba na ajiye nasa kusa da shi. Kafin ya gama durƙusawa nake tambayarsa ko ya sha maganin. Jiya ya ce, Inna, ko gaisuwar ba za ki bari in gama ba? Na ce na yi shiru shekara arba'in, ya ishe ni.

Hadiza, ajiye biron haka. Kira mini yaran nan su zo in duba ƙafafunsu. Wanda ya karanta ya yi wa Malam addu'a, ya haɗa da Malam Idi, ya haɗa da Buba.